Tambayar Liman a Zauren Babana

Kwanakin baya aka aiko a kira ni gidan maƙwabta, wai za a yi zaman sulhu tsakanin jikarsu da mijinta, ana son tsohuwa a wurin. Ban so zuwa ba. Ni mutum ce mai tsoron kuskure tun ina ƙarama. Ko gishiri zan sa a miya sai na yi ta ɗanɗanawa har harshena ya mutu, in na rufe ƙofa sai na koma na taɓa ta, alwala kuwa nakan sake ta don ina shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu. To ina ga zaman da za a yanke wa mutane rayuwa? Amma na je, don kada a ce na raina kira. Na tarar an jera kujerun roba a tsakar gida, maza da mata wuri ɗaya, kowa da waya a hannu. Yarinyar tana zaune tana fuskantar surukinta ido da ido, ɗanta na fari a kan cinya. Ba a ma kai ga maganar yaron ba ta ɗaga murya ta ce, "Auren dai ku yi yadda kunka gani. Amma ɗana shina wurina, ba mai raba ni da shi." Na dubi dama na dubi hagu ina jiran wanda zai kwaɗa mata mari. Ba wanda ya motsa. Kawunta ma kai ya gyaɗa, ya ce a ci gaba. Na dawo gida na kasa cin tuwo, na zauna ina tuna wani zaman da aka yi a kaina lokacin da nake kamar shekarunta.

Illelar da na tashi a cikinta ba wannan ba ce mai ƙarar babura da manyan motoci. Da asuba abin da ke tashin mutum shi ne lugude daga gida zuwa gida, sai kukan jakuna, sai guga tana bugun bakin rijiya. Ranar kasuwa Buzaye suna shigowa da raƙuma ɗauke da gishiri da dabino, matan Kalmalo na bakin tabki suna zuwa da busasshen kifi a faifai, warinsa yana riga su isowa. Shanu suna wucewa kudu garke bayan garke, mu yara muna bin bayansu muna kwasar kashi don a yi wuta. Iyakar ƙasa da ake ta magana a kanta yau, a lokacin tsohuwar ganga ce da gora a gicciye. Mutum yana noma a can ya kwana a nan, ya auro a can ya yi suna a nan. Babana malamin dabbobi ne, shi ke yi wa shanun allura kafin su wuce, saboda haka yana cikin masu cin albashin hukuma. Shi ya sa ni elementare har na iya karatu da rubutu. Innata ta rasu ina goye, yayar babana, Goggo Hajo, ita ta raine ni. Mace ce mai tsabta da tsanani. Takan ce macen kirki ba a jin takunta, ba a jin taunarta, ba a kuma sanin abin da take so. Duk abin da ta koya mini na riƙe shi fiye da yadda ta nema, don ina tsoron ranar da za a nuna ni a ce ga marar uwa can, ba ta sami tarbiyya ba.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaura mini aure. Ba wanda ya tilasta ni, ina son mutumin. Gyaran kekuna yake yi a gindin wata bedi, wato dogon yaro, kusa da kasuwa, mai fara'a, in yana dariya har daga bakin rijiya ana jin sa. Danginsa suna wani ƙauye bayan Ƙonni, a ƙasar da a lokacin muke ce wa ta Faransa. Mun yi zaman lafiya, Allah ya ba mu ɗa namiji, aka sa masa sunan kakansa na wajen uba wanda ya riga ya rasu.

Yaran yanzu ba su san yadda ake kunyar ɗan fari ba, sai na yi bayani. Uwa ba ta faɗin sunansa. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta ce nata ne. In za ta ba shi nono sai ta juya ta fuskanci bango. In ya yi kuka a gaban manya ko surukai, tana zaune kamar ba ta ji ba, har sai wani babba ya ce, "Ke, ɗauke shi mana." Nan ne za ta miƙa hannu, kamar wadda aka sa dole. Kowa ya san wasan, kuma kullum akan sami babban da zai faɗa, shi ya sa abin bai zama cuta ba. Wasu matan suna sassautawa, ni kuwa ban taɓa ba. Sai in na shiga ɗaki na saki asabari nake kifa hancina a tsakiyar kansa in yi ta shaƙa. Yana da wata ɗabi'a, in yana shan nono sai ya saƙala yatsa a dutsen wuyana yana wani ɗan gurnani kamar ɗan kyanwa. Ba wanda ya san na san wannan.

Siyasa ce ta shigo mana gida. Da zaɓe ya matso, gari ya rabu, mutane suka daina zuwa sunan juna. Maigidana ya bi 'yan hamayya, a gindin bedinsa suke taruwa. Wata rana yana dawowa daga taro ta hanyar ƙauyen Araba wasu ƙarti suka tare shi, suka yi masa dukan da haƙoransa na gaba suka zube, suka lanƙwasa kekensa. Ya warke a jiki, amma ya sa a ransa cewa babana ne ya nuna shi, tunda ma'aikacin hukuma ne. Na rantse da Allah babana bai san komai ba sai shanu da allura. Daga nan dariya ta ƙare. Bai taɓa duka na ba, kada in ɗora masa abin da bai yi ba, yanzu yana gaban Ubangijinsa. Magana ya daina yi mini. In na gaishe shi sai ya dubi akuya. In na ajiye masa tuwo sai ya ɗauki akushin ya juye wa awaki ina kallo, ya aika a sayo masa na kasuwa. In yana son wani abu sai ya ɗauki yaron ya ce masa, "Gaya ma ɗiyar ma'aikaci ta kawo ruwa, in ba ta sa guba ba." Na yi ta binciken kaina ko na yi wani laifi, na sake wanke tukwane, na sake tankaɗe gari, na daina zuwa gidanmu ko gaisuwa. Damina ta wuce a haka, aka yi girbi a haka. Ranar da na tarar ya fitar da tukwanena ya jera su a ƙofar gida, na goya yaron na tafi gidan babana.

A wancan zamanin ba a gudu wurin alƙali da maganar aure, abin kunya ne a ji ku a can. Dangi ke yi, kuma mataki mataki ake bi. In mace ta yi yaji, sai a bar ta ta huce. Sannan matan gidan miji su zo biko da goro, a yi hirar gero da ciwon ƙafa, sai za su tashi su ce sun zo ɗaukar amaryarsu. In ta bi su, magana ta mutu, ba wanda zai sake tayar da ita. In abin ya fi ƙarfin mata, sai maza su zauna a zauren uban matar. Miji da mata ba su magana da juna, kowa da wakilinsa. Akan kira liman don a san abin da littafi ya ce, a kira dattawan unguwa su shaida. Matar tana bayan zana a bakin ƙofar cikin gida, ana jin ta ba a ganin ta. Akan fara da neman gyara. In ya ƙi, sai a yi maganar rabuwa, da kayan ɗaki, da 'ya'ya. Ba zan ce tsarin banza ba ne. Na ga aure da yawa da ya tashi mutuwa aka raya shi a zaure, ba wanda ya ji a waje. Amma abin da na gane daga baya shi ne, a zaure wanda ya fi iya baki shi ke tafiya da nasa, wanda ya fi kunya shi ke biya.

Ni ba a zo mini biko ba. Kai tsaye aka aiko cewa maza za su zo ranar kasuwa da hantsi. Wakilinsu ƙanin uban maigidana ne, Tunau, dillalin shanu, mutumin da zai sayar maka da gurguwar saniya ka yi masa godiya. Ni kuwa babana ba zai iya tsaya mini ba, domin ni ce 'yarsa ta fari, shi ma kunyata yake ji. Tun da na tashi bai taɓa kiran sunana ba. Sai ya aika Kalmalo aka kira ƙanin innata, Kawu Bawa, masunci, mutumin kirki wanda in ya ga babbar riga sai bakinsa ya mutu. Da safe Goggo ta ɗaura mini kallabi da hannunta, ta ja shi har ya rufe mini goshi. Ta ce, "Yau za a ga abin da na raina. In kin buɗe baki gaban surukanki da ubanki, ki nemi wata goggo." Na ce to. Na zauna bayan zana, ita tana gefena, yaron yana tsakar gida yana jan wani gwangwani da zare, don ya fara tafiya.

Ta ɓular zana ina ganin ƙafafu. Na ga na Liman da farin takalmi, na ga na Kawu duk faso, na ga na maigidana yana kaɗa su. Babana yana can bakin ƙofar waje, rabin jikinsa a rana, kamar wanda ya zo wucewa.

Tunau ya buɗe goro ya ce, "Bawa, ina su kifi? An ce bana tabki ya ƙi ku, sai kwaɗi kuka kamawa."

Aka yi dariya. Kawu ya ce, "Lahiya lau, Alhaji."

"To madalla. Mu dai ba faɗa ya kawo mu ba. Ɗiyarku ɗiya ta gari ta, ba mu ga aibinta ba. Ruwa dai ya ƙare."

Liman ya ce a yi haƙuri, ya yi nasiha mai tsawo a kan abin da Allah ya halatta amma ba ya so. Ya tambayi maigidana laifin da na yi masa. Maigidana ya ce, "Ku tambayi wanda ya ci haƙorana." Ba wanda ya dubi babana, shi ma bai ɗago ba. Ina jira Kawu ya ce ƙarya ne, ya ce a kawo shaida. Sai na ji ya ce, "Allah shi sawwaƙa." Liman ya sake roƙo, wani dattijo ya sa baki, maigidana ya ce shi ya gama, ya furta saki a gaban kowa. Maganar kayan ɗaki ba ta ɗauki lokaci ba. Tunau ya ce a kwashe har tsintsiya, su ba matsiyata ba ne. Na lura da yadda ya saki wannan da sauƙi, jikina ya ba ni akwai abin da yake tattali.

Sai ya ce, "Saura ɗanmu."

Liman mutum ne mai gaskiya, Allah ya jiƙansa. Ya ce, "Alhaji, na san al'adarmu uba ka ɗaukar ɗa. Amma littafi ya ba uwa riƙo, balle yaron bai bar nono ba. Sai fa in ita ta bari da kanta."

Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a ƙirji. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya tsare ni.

Tunau ya ce, "Wa za shi ja da littafi? Ba ni ba. A tambaye ta. Amma don kada gobe a ce mun yi zamba, a ɗage zanar nan, kowa shi gani. Malam, matso ciki, ɗiyarka ta, a yi gabanka."

Aka ɗage zana. Haske ya faɗo mini. Babana ya matso ya zauna inda in na ɗaga kai za mu haɗa ido. Tunau ya kira sunan yaron cikakke da ƙarfi, sunan surukina da ke kabari, sunan da ko a mafarki ban taɓa furtawa ba. Ya ce, "To Liman, tambaye ta ko tana son ta riƙe muna shi."

Liman ya ce, "Yarinya, kin ji. Kina son ɗanki shi zauna wurinki?"

Ina so. Allah shaida ne ina so, har nono ya tsattsafo ya jiƙa mini zane. Amma a rayuwata ban taɓa miƙa wa yaron nan hannu a gaban manya ba sai an ce in miƙa. Sai na yi abin da na saba, na sunkuyar da kai ina jiran babban da zai ce, "Ke, riƙe shi mana." Na tabbata za a faɗa, ai kullum ana faɗa. Na jira babana. Daga baya na gane shi Kawu yake jira, tunda ya ba shi wakilci. Kawu kuwa yana jiran babana, don ba ya shiga gaban ma'aikaci a zaurensa. Ina jin gwangwanin yaron yana ƙara a tsakar gida. Ina jin ƙuda. Farcen Goggo yana cikin cinyata.

Liman ya sassauta murya ya ce, "Ba sai kin yi magana ba. Ko kai ki ɗaga."

Wuyana ya fara motsi, wallahi ya fara. Sai Tunau ya tafa hannu ya ce, "Haba Liman! Mi kaka so ka maida ɗiyar mutane? Ta yi jayayyar ɗan fari gaban ubanta? Wanga gida ba a haka. Hajo, ko kin canza tarbiyya ba mu ji ba?"

Goggo ta gyara zama. Da muryar da take yi wa baƙi ta ce, "Ɗiyarmu ba ta san wannan ba. Mu ba mu ja da kowa kan ɗa. Jininku na."

Tunau ya ce, "Kun ji ko? Gidan mutunci ke nan. Wallahi da ina da wani ɗa da na sake nema mashi a nan."

Liman ya kalle ni. Ya dubi babana ya ce, "Malam, kana da magana?" Babana ya ja carbi ya ce, "Abin da manya sunka gani." Aka ɗaga hannu aka yi fatiha. Ni ma na ɗaga nawa na shafa, don kada a ce ban shafa ba.

Ko a nan ban fid da rai ba, ina cewa ai sai an yaye shi, kafin nan zan sami wanda zan roƙa a ɓoye. Ashe Tunau ya gama shirinsa tun daga gida. Ya ce yaro ya riga ya yi ƙafa, yaye ya kai, kuma kowa ya san wurin kaka ake kai yaye. Ga kakar ma, uwar maigidana, ta zo cin kasuwa, tana ƙofar gida. Ta shigo da sabon zanen goyo a ninke a hammata. Ta yi wa yaron rawa, ta ce, "Ga mijina, ga mijina, yau za ka kwana ɗakina." Ya yi mata dariya. Sai da ta ɗora shi a baya ta ja majanyi ya gane. Ya fasa kuka yana miƙo hannu, yana kiran abin da yake kirana da shi, wanda bai ma zama kalma ba tukuna. Matan gida da na maƙwabta sun cika tsakar gida. Goggo ta kama kafaɗata ta juya ni na fuskanci bango. Ina jin kukan ya fita zaure, ya bi lungu, ya haɗu da hayaniyar kasuwa. A bayana wata tana cewa, "Kai, yarinyar ga da kunya take. Ko waiwaye." Wata ta ce, "Hajo, kin iya reno." Goggo ta raba musu goron da Tunau ya bari.

Nono ya kumbura ya yi kamar dutse, zazzaɓi ya rufe ni. Goggo ta gasa mini da tsumma da ruwan zafi, tana cewa in daina wannan fuskar, wasu za su zo, mace ba ta rasa haihuwa. Ta nuna mini bayan ɗaki inda zan riƙa matsewa a ƙasa, ta ce in rufe da turɓaya saboda tururuwa. Babana bai taɓa ta da maganar ba har ya bar duniya. Abu ɗaya na sani, ya sayi akuya mai nono ya ba wani ya kai ƙauyen. Ran kasuwa ta gaba aka dawo da ita, aka ɗaure a ƙofar gidanmu.

Da na gama idda na saci jiki na tafi da ƙafa. A lokacin an fara kafa rumfa a kan iyaka, da jandarma da tuta, amma ba su ne suka tare ni ba, ko kallona ba su yi ba. Kakar ce ta tare ni a bakin danga. Ta yi mini maraba, ta kawo ruwa, ta ce ai yaron an tafi da shi gona. Ina ganin 'yar rigarsa a kan danga tana ɗiga. Ta ce, "Ke da kinka bar shi gaban Liman, mi ya kawo ki? Kada ki tada mashi hankali, ya manta." Na zauna har rana ta karkata, ba a dawo daga gonar ba. Da na sake komawa bayan girbi, aka ce uban ya ɗauke shi sun yi arewa, ba a san garin ba. Ba a daɗe ba muka ji a rediyo soja sun karɓi mulki, an hana siyasa. Na ga waɗanda suka yi duka da waɗanda aka daka suna cin tsire a faranti ɗaya a kasuwa, suna dariyar wautar da suka yi. Ni kuwa nawa ya tafi. Na sake aure, na haifi waɗansu, na kira su da sunayensu, na aurar da su. In aka tambaye ni 'ya'yana sai in lissafa waɗanda ke gabana, in kwana ina tunanin ko na yi ƙarya.

Sai da furfura ta cika mini kai, mijina na biyu ma ya rasu, wata ranar kasuwa aka ce ina da baƙo. Na fito na ga dattijo mai tsabta, gemunsa ya fara fari, da tabarau. Ban tambayi ko wane ne ba, goshin ubansa ne da kunnuwan babana. Na zauna a dokin ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ake gaida kowace tsohuwa. Ya ce shi malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, a can ƙetaren iyaka, ya kusa barin aiki. Na sa aka dama fura, na ce a sake wanke kwanon, aka ajiye a gabansa.

Ya ce, "Hajiya, tambaya guda ta kawo ni. Tun ina yaro aka ce mini Liman ya tambaye ki gaban jama'a ko kina so na, kinka yi shiru. Na ce sai na ji daga bakinki kafin ɗayanmu shi mutu. An tambaye ki?"

Na ce, "An tambaye ni."

Sai na ba shi labarin duka, tun daga haƙoran ubansa har zuwa rigar da ke kan danga. Na yi a hankali, ina tauna kowace magana, don kada in zalunci matattu. Na gaya masa yadda ake kunyar ɗan fari, da yadda nake jiran a ce in riƙe shi. Har dutsen wuya na gaya masa. Bai katse ni ba. Yana ta juya tabarau a hannu.

Da na gama ya ce, "Na gane. Mu ma can haka al'ada take." Sannan ya ce, "Ke nan da wani ya ce ki riƙe ni, da kin riƙe."

"Wallahi da na riƙe."

"To. Ba wanda ya ce."

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Na ce ya sha furar, ya ce alhamdu lillahi. Na ce ya tsaya ya ga ƙannensa, ya ce motar Ƙonni ba ta jira, kuma ya bar Innarsa a tasha, ya kawo ta ganin likitan ido. Matar ubansa yake nufi. Na bi shi har waje ba takalmi. A ƙofar gida maƙwabta suna zaune a kan tabarma, sai wani ya ce, "Hajiya, baƙo kinka yi? Wane ne?"

Na buɗe baki. Wannan karon ba wanda nake jira, maganar tana kan harshena. Ya riga ni.

Ya ce, "Matafiyi na, Malam. Hanya na tambaya, an kuma nuna mini."

Ya ɗaga musu hannu, ya bi ta cikin masu buhunan albasa ya nufi tasha.